Kiyaye Rai da Naɗa Shugaba: Zaɓen Yankunan Indonesiya na Shekarar 2020 a Tsakiyar Annoba

A ranar Lahadi, 20 ga Satumba 2020, shugabancin ƙungiyar Nahdlatul Ulama, wadda babu ƙungiyar Musulmi da ta kai ta yawan mabiya a Indonesiya, ya fitar da sanarwa yana roƙon gwamnati da majalisa da hukumar zaɓe su ɗage zaɓen shugabannin yankuna da aka tsayar ranar 9 ga Disamba. Washegari ƙungiyar Muhammadiyah, wadda ke bi mata a girma, ta yi irin wannan kira. A wannan Litinin ɗin, kwamitin majalisa mai kula da harkokin cikin gida da ministan cikin gida da hukumomin zaɓe suka zauna, suka tashi da matsaya guda: za a yi zaɓe a ranar da aka sa. Ba kasafai ake ganin waɗannan ƙungiyoyi biyu sun haɗa baki a kan batun siyasa guda sannan hukuma ta ƙi saurarensu cikin kwana ɗaya ba. Abin da ya sa aka ƙi, da abin da aka yi a madadin ɗagewar, da abin da ya biyo baya, sun zama babi mai amfani ga duk mai nazarin yadda ƙa'idojin fiƙihu suke haɗuwa da tafiyar da mulki idan masifa ta sauka.

Zaɓen da ake magana a kai ba ƙarami ba ne, ko da yake na yankuna ne. Kujeru 270 aka sa a gaba: gwamnonin larduna 9, shugabannin gundumomi 224 waɗanda mutanen ƙasar ke kira bupati, da magadan gari na birane 37. Waɗanda suka cancanci jefa ƙuri'a sun ɗan haura miliyan ɗari, a warwatse daga tsibirin Sumatra har zuwa Papua. Zaɓen shugabannin yankuna kai tsaye sabon abu ne a ƙasar. A zamanin Suharto, wanda mulkinsa ya ƙare a 1998, gwamnatin tsakiya ce mai faɗa a ji wajen naɗa su, kuma sai a shekarar 2005 talakawa suka fara zaɓensu da hannunsu. A 2014 majalisa ta yi dokar mayar da wannan iko ga 'yan majalisun yankuna, jama'a suka yi ca, har Shugaba Susilo Bambang Yudhoyono ya soke ta da dokar gaggawa kafin ya sauka. Daga nan aka fara haɗa zaɓukan a yi su rana ɗaya, na farko ranar 9 ga Disamba 2015. Waɗanda aka zaɓa a wannan karon su ne wa'adin mafi yawansu zai cika a farkon 2021. Saboda haka haƙƙin da ake tattauna ɗage shi haƙƙi ne da bai wuce shekara goma sha biyar a hannun mutane ba, kuma an taɓa yunƙurin ƙwace shi sau ɗaya. Wannan tarihi yana cikin zukatan ɓangarorin biyu.

Asalin ranar zaɓen 23 ga Satumba 2020 ce. Ranar 2 ga Maris Shugaba Joko Widodo ya sanar da mutum biyu na farko da aka tabbatar sun kamu da cutar korona. Kafin watan ya ƙare hukumar zaɓe ta dakatar da shirye-shiryenta, sannan ta gabatar da ranaku uku a zaɓi ɗaya: 9 ga Disamba 2020, ko 17 ga Maris 2021, ko 29 ga Satumba 2021. Gwamnati da majalisa suka ɗauki mafi kusa. Ranar 4 ga Mayu shugaban ƙasa ya sa hannu a dokar gaggawa mai lamba 2 ta 2020, wadda ta mayar da zaɓen watan Disamba, ta kuma bar ƙofa a buɗe: idan annobar ba ta lafa ba har lokacin, ana iya sake ɗagewa. Wannan ƙofar ce malamai suka ƙwanƙwasa a watan Satumba. Ranar 15 ga Yuni aka ci gaba da shiri, ma'aikata suka shiga gida gida suna tantance sunayen masu zaɓe daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta.

A waɗannan watanni al'ummar Musulmin ƙasar ta riga ta haƙura da abubuwan da suka fi zaɓe tsada a wurinta. Ranar 16 ga Maris Majalisar Malaman Indonesiya ta fitar da fatawa mai lamba 14, wadda ta halatta barin sallar Juma'a da jam'i a wuraren da cutar ta yi ƙamari, ta kuma hana wanda ya kamu halartar masallaci. Babban masallacin Istiqlal na Jakarta ya dakatar da Juma'a. Gwamnati ta hana tafiyar da miliyoyin mutane suka saba yi zuwa garuruwansu na asali a ƙarshen Ramadan. Ranar 2 ga Yuni ministan harkokin addini ya sanar cewa ba za a tura alhazai ba a wannan shekarar, alhali kujeru 221,000 aka ware wa ƙasar, kuma akwai waɗanda suka shekara goma ko fiye suna jiran layi. Ƙungiyoyin biyu ma sun ɗage nasu zaɓen. Muhammadiyah ta shirya babban taronta na 48 a Surakarta a watan Yulin 2020, ba ta yi shi ba sai Nuwambar 2022. Nahdlatul Ulama ta shirya nata na 34 a Lampung a watan Oktoba, ta jinkirta shi zuwa Disambar 2021. A waɗannan tarurruka ake zaɓen shugabanninsu. Don haka ba za a ce sun nemi gwamnati ta yi abin da su kansu suka kasa yi ba.

Abin da ya tayar da hankali shi ne kwanaki uku na rajistar 'yan takara, daga 4 zuwa 6 ga Satumba. Al'adar siyasar ƙasar ce ɗan takara ya tafi ofishin hukumar zaɓe da ayarin magoya baya, da kaɗe-kaɗe da tutoci, domin abokan hamayya su ga ƙarfinsa. Annoba ba ta hana wannan ba. Hukumar sa ido kan zaɓe, Bawaslu, ta ƙirga karya dokar kiwon lafiya sau 243 a kwanakin nan uku, kuma da aka yi wa masu neman takarar gwaji sai aka sami kimanin sittin daga cikinsu ɗauke da cutar. A lokacin ana samun sababbin masu kamuwa sama da dubu uku a kowace rana. Ƙungiyar likitocin ƙasar ta riga ta ƙirga likita ɗari da suka rasu kafin ƙarshen Agusta. Gwamnan Jakarta, Anies Baswedan, ya sake tsaurara dokar taƙaita zirga-zirga daga 14 ga Satumba saboda gadajen asibiti sun kusa cika. Ranar 18 ga wata shugaban hukumar zaɓe da kansa, Arief Budiman, ya sanar cewa ya kamu, kuma wasu kwamishinoninsa biyu su ma sun kamu a cikin watan. Tsohon mataimakin shugaban ƙasa Jusuf Kalla, wanda yake shugabantar ƙungiyar agaji ta Red Cross da majalisar masallatai ta ƙasar, ya nemi a jira har a sami allurar rigakafi. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ita ma ta ba da shawarar ɗagewa.

Sanarwar Nahdlatul Ulama, wadda ta fito da sa hannun shugabanta Said Aqil Siradj, an gina ta a kan harshen da ɗaliban usulul fiƙihu suka sani. Ta ce kiyaye rai ta hanyar bin matakan kiwon lafiya daidai yake a muhimmanci da kiyaye dukiya da tattalin arzikin jama'a, amma tun da yaɗuwar cutar ta kai matakin gaggawa, wajibi ne a karkata manufofin hukuma wajen kawar da ita. Ta nemi abu biyu a sarari: a ɗage zaɓen, a kuma mayar da kuɗin da aka ware masa ga aikin lafiya da tallafa wa marasa ƙarfi. Sannan ta tunatar da wata shawara da ƙungiyar ta taɓa bayarwa a taronta na Cirebon a 2012, cewa a sake duba tsarin zaɓen shugabannin yankuna kai tsaye saboda ɓarnar sayen ƙuri'a da tsadar siyasa. Muhammadiyah, wadda asibitocinta da dama suke cike da masu jinyar korona a lokacin, ta taƙaita hujjarta a kan cewa tsirar jama'a ta fi gudanar da zaɓe muhimmanci.

Tushen wannan hujja sananne ne. Imam Ghazali a littafinsa Al-Mustasfa ya lissafa abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyaye su: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Imam Shaɗibi a Al-Muwafaƙat ya faɗaɗa bayanin, ya bambanta abin da yake lalura da abin da yake buƙata da abin da yake ƙawa, ya nuna cewa idan suka ci karo na ƙasa ne ke ba na sama hanya. Malaman ƙa'idoji kuma sun daɗe suna gabatar da tunkuɗe ɓarna a kan jawo amfani. Tarihin farkon Musulunci ya ba da misali na zahiri a annobar Amwas, wadda ta afka wa Sham a shekara ta 18 bayan Hijira. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, yana kan hanyarsa ta zuwa Sham ya isa Sargh, sai kwamandojin runduna suka tare shi da labarin cutar. Ya shawarci Muhajirai, suka rabu biyu. Ya shawarci Ansaru, su ma suka rabu. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, suka haɗu a kan ya koma da mutane. Abu Ubaida ɗan Jarrah ya nuna rashin gamsuwa, yana ganin komawar tamkar gudu ne daga ƙaddarar Allah, Umar ya ba shi amsa cewa abin da za a koma gare shi ma ƙaddarar Allah ne. Daga baya Abdurrahman ɗan Aufu ya iso da hadisin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, mai hana shiga ƙasar da annoba ta ɓulla da kuma fita daga cikinta da nufin gudu. Aikin hukuma ne halifa ya fito yi, kuma aiki ne babba, amma ya fasa shi domin kada ya kai mutane wurin halaka.

Sai dai labarin Amwas yana da wata fuska da masu goyon bayan zaɓe za su iya riƙewa. Cutar ta kashe shugabannin Sham ɗaya bayan ɗaya, amma kujerar ba ta zauna babu kowa ba. Abu Ubaida ya rasu, Mu'azu ɗan Jabal ya karɓa. Mu'azu ya rasu, Amru ɗan As ya tsaya a kan al'amarin mutane, kuma shi ne ya umarce su da su watse su hau duwatsu, matakin da masana tarihi suka danganta lafawar annobar da shi. Yazidu ɗan Abu Sufyan ya rasu, Umar ya ɗora ɗan'uwansa Mu'awiya a kan Dimashƙa. Matakin da ya ceci rayuka ya fito ne daga bakin shugaban da mutane suka yarda su yi masa biyayya. Kafin wannan ma, sahabbai sun gama maganar halifanci a Saƙifa tun ba a binne Manzon Allah ba, kuma malamai irin su Mawardi sun ɗauki naɗa shugaba a matsayin wajibi a kan al'umma. Idan haka ne, shugabanci halattacce yana cikin hanyoyin kiyaye rai, ba kishiyarsa ba ne, kuma ba za a jefa shi cikin sahun ƙawa da za a ajiye a gefe cikin sauƙi ba.

A nan hujjar gwamnati ta tsaya, ko da yake da harshen tsarin mulki ta faɗe ta. Kakakin shugaban ƙasa, Fadjroel Rachman, ya ce babu ƙasar da ta san ranar da annobar za ta ƙare, don haka ba za a rataye haƙƙin zaɓe a kan ranar da ba a sani ba. Ministoci suka ƙara da cewa idan wa'adin shugabanni ya cika ba a yi zaɓe ba, dole a naɗa kantomomi a yankuna 270, kuma doka ta taƙaita ikon kantoma, ba zai iya yanke manyan shawarwari ba a lokacin da ake tsananin buƙatarsu. Ministan cikin gida Tito Karnavian ya yi fatan zaɓen ya zama gasar dabarun yaƙi da cutar, 'yan takara su raba takunkumin fuska da sabulu a madadin riguna da huluna. An kuma kafa hujja da Koriya ta Kudu, wadda ta yi zaɓen majalisa ranar 15 ga Afrilu 2020, kashi 66 cikin ɗari na masu zaɓe suka fito, ba tare da cutar ta ɓalle ba.

Hujjar kantoma tana da nauyi, amma ba ta kai inda aka kai ta ba. Fiƙihu ya wajabta kada a bar mutane babu mai jiɓintar al'amarinsu, bai wajabta wata rana ta musamman ba. Umar da kansa, sa'ad da aka soke shi, ya ba mutum shida kwana uku su fitar da halifa, ya sa Suhaibu ya riƙa jan salla a tsakani. Riƙon ƙwarya mai iyakantaccen iko da ƙayyadadden lokaci abu ne da aka sani tun farko. Abin tsoro a cikinsa shi ne ya tsawaita, ko mai naɗawa ya mayar da shi hanyar ɗora nasa. Misalin Koriya kuwa bai dace sosai ba: ta yi zaɓenta ne bayan ta danne cutar har masu kamuwa a rana sun koma 'yan gommai, tana da gwaji mai yawa, kuma dokarta ta ba da damar jefa ƙuri'a kafin ranar zaɓe da kuma ta gidan waya. Indonesiya ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan ga masu zaɓe na cikin gida. Akwai kuma abin da bakin mutane bai bari ba: babban ɗan shugaban ƙasa, Gibran Rakabuming Raka, yana takarar magajin garin Surakarta, surukinsa Bobby Nasution yana takarar na Medan. Babu wata shaida da ta nuna wannan ne ya hana ɗagewa, amma ya sa mutane da yawa suka kasa karɓar hujjar hukuma da zuciya ɗaya. Fitaccen masanin tarihin Musulunci Azyumardi Azra ya sanar a fili cewa ba zai jefa ƙuri'a ba, domin nuna alhini ga waɗanda cutar ta kashe.

Hujjar malaman ma tana da gurbin da ba a cike ba. Sun ce a ɗage har a fita daga halin gaggawa, amma ba su faɗi ma'aunin da za a gane an fita da shi ba. Da an bi zaɓi na biyu ko na uku na hukumar zaɓe, da Maris 2021 ya zo jim kaɗan bayan wani hawan cutar, Satumba 2021 kuma da shirye-shiryensa sun faɗa cikin watannin Yuni da Yuli, lokacin da nau'in Delta ya yi wa ƙasar ɓarnar da ba ta taɓa gani ba. Babu wanda ya san haka a 2020, amma wannan rashin sanin shi ne ainihin abin da gwamnati take faɗa. Tunatarwar da Nahdlatul Ulama ta yi game da shawararta ta 2012 kuma ta raunana kiran a wurin wasu, domin ta haɗa batun jinkiri na ɗan lokaci da batun sauya tsarin gaba ɗaya. Abin lura ne cewa mataimakin shugaban ƙasa a lokacin, Ma'ruf Amin, tsohon babban jagoran malaman Nahdlatul Ulama ne, kuma yana riƙe da shugabancin Majalisar Malamai har zuwa watan Nuwamba. Saɓanin bai kasance tsakanin masu addini da marasa shi ba.

Kiran bai tafi a banza ba. Kwana biyu bayan zaman majalisa, ranar 23 ga Satumba, hukumar zaɓe ta fitar da ƙa'ida mai lamba 13, wadda ta haramta manyan gangami, da wasannin mawaƙa, da gasar wasanni, da kasuwar baje koli, abubuwan da ƙa'idar baya ta bari da wasu sharuɗɗa. Aka ce yaƙin neman zaɓe, wanda ya ɗauki kwana 71 daga 26 ga Satumba zuwa 5 ga Disamba, a yi shi ta intanet da kafafen watsa labarai. Inda hakan ba zai yiwu ba, a yi taro a cikin ɗaki, kada a wuce mutum hamsin, da tazara da takunkumi. Aka ba Bawaslu ikon rubuta gargaɗi, idan sa'a ɗaya ta wuce ba a gyara ba ta tarwatsa taron tare da 'yan sanda. Raunin ƙa'idar shi ne ba ta da ikon soke takarar mai laifi, domin wannan sai da dokar majalisa ko dokar gaggawa, kuma ba a yi ko ɗaya ba. A aikace kamfe ta intanet bai karɓu ba, musamman a ƙauyukan da layin sadarwa ba shi da ƙarfi, kuma 'yan takara sun san cewa ƙuri'ar yanki da gaisuwa da zama a tabarma ɗaya ake samunta. Tarurrukan ido da ido aka yi ta yi, dubun-dubata. Cutar ta kashe wasu daga cikin 'yan takarar kafin ranar zaɓe, ciki har da Muharram, shugaban gundumar Berau mai neman tazarce, da Adi Darma na birnin Bontang.

Ana cikin haka maƙwabciya ta ba da darasi mai ɗaci. Jihar Sabah ta Malesiya, wadda ke kan tsibirin Borneo tare da lardunan Kalimantan na Indonesiya, ta yi zaɓenta ranar 26 ga Satumba, ranar da aka buɗe kamfe a Indonesiya. 'Yan siyasa da magoya baya sun yi ta zuwa daga Kuala Lumpur suna komawa ba tare da an killace su ba, kuma cikin makonni kaɗan cutar ta bazu a ƙasar da ta kusa shawo kanta. Firaminista Muhyiddin Yassin ya amsa daga baya cewa zaɓen yana cikin musabbaban wannan hawa. A watan Nuwamba aka ayyana dokar ta-ɓaci a mazaɓar Batu Sapi domin kawai a ɗage zaɓen cike gurbi. Abin da Sabah ta nuna shi ne haɗarin ya fi yawa a tafiye-tafiye da tarurrukan kamfe fiye da layin jefa ƙuri'a, kuma a nan zaɓen yankuna na Indonesiya yake da ɗan sauƙi, domin yawancin 'yan takara da magoya bayansu mutanen wurin ne.

Ranar zaɓen ita ce aka fi tsarawa. An rage yawan masu zaɓe a kowace rumfa daga 800 zuwa 500, abin da ya kai adadin rumfuna kusan dubu ɗari uku, kowace da ma'aikata bakwai. An taƙaita shekarun ma'aikatan tsakanin 20 da 50, aka yi musu gwajin gaggawa kafin aiki. Wannan taka-tsantsan yana da dalili na daban: a babban zaɓen 2019, tun babu annoba, ma'aikatan zaɓe kusan ɗari tara ne suka rasu saboda gajiya da cututtukan da suke ɗauke da su. Takardar gayyatar kowane mai zaɓe ta zo da sa'ar da ake so ya zo, tsakanin ƙarfe bakwai na safe da ɗaya na rana. A bakin rumfa akwai ruwa da sabulu, ana auna zafin jiki, wanda nasa ya kai 37.3 a ma'aunin Salsiyas a kai shi wani keɓaɓɓen wuri ya yi zaɓensa a can. A Indonesiya da ƙusa ake huda takardar ƙuri'a, kuma ƙusa ɗaya ce ke wucewa ta hannun ɗaruruwan mutane, don haka aka ba kowa safar hannu ta leda. Tawadar da aka saba tsoma yatsa a cikinta aka koma ɗiga ta. A sa'ar ƙarshe ma'aikata sanye da rigar kariya suka ɗauki akwati zuwa asibitoci da gidajen da aka killace masu cutar. An ƙara wa hukumar zaɓe kuɗi sama da rufiya tiriliyan huɗu domin waɗannan kayayyaki, wato akasin abin da Nahdlatul Ulama ta nema. (Ko da an mayar da kuɗin ga tallafi, ba lallai ne su isa ga mabuƙata ba: kwana uku kafin zaɓe hukumar yaƙi da cin hanci ta tsare ministan jin daɗin jama'a, Juliari Batubara, kan karɓar rashawa daga kwangilar kayan tallafin korona, daga baya kotu ta ɗaure shi shekara goma sha biyu.)

Ranar Laraba, 9 ga Disamba, waɗanda aka tabbatar sun kamu a ƙasar sun kusa dubu ɗari shida, waɗanda suka rasu sun kai wajen dubu goma sha takwas. Duk da haka mutane suka fito. Hukumar zaɓe ta ce kashi 76.09 cikin ɗari ne suka jefa ƙuri'a, ƙasa kaɗan da kashi 77.5 da ta sa a gaba, amma sama da kimanin kashi 69 na zaɓen 2015. Mabiyan ƙungiyoyin biyu, waɗanda suka bar Juma'a da Idi bisa fatawar malamansu, ba su ƙaurace wa rumfunan zaɓe ba, kuma shugabanninsu ba su umarce su da ƙauracewa ba. Da hukuma ta yanke hukunci, sai suka koma kiran mutane su kiyaye matakan lafiya. Wannan ya yi daidai da abin da malaman fiƙihu suka tafi a kai, cewa hukuncin mai mulki yana yanke saɓani a mas'alar ijtihadi, nauyinsa kuma ya koma wuyansa. Gibran ya ci Surakarta da sama da kashi 86, Bobby ya ci Medan, inda waɗanda suka fito ba su kai rabi ba. A yankuna 25 ɗan takara ɗaya ne tak, yana karawa da gurbin da babu kowa a takardar ƙuri'a.

Ministoci sun yi saurin bayyana cewa zaɓen bai haifar da sabuwar ɓarkewa ba. Masana cututtuka suka ce da ƙarancin gwaji da raunin bin sawun masu cutar a lokacin, ba a da hanyar tabbatar da haka ko kore shi. Adadin masu kamuwa ya ci gaba da hawa har ya wuce dubu goma sha huɗu a rana a ƙarshen Janairun 2021, amma hutun ƙarshen shekara ya faɗo tsakani, kuma Jakarta, wadda ba ta yi zaɓe ba, tana cikin wuraren da abin ya fi tsanani. Abin da hujja za ta iya ɗauka shi ne rumfar zaɓe, inda hukuma take da cikakken iko a kan kowane mataki, ta yi aiki fiye da yadda aka ji tsoro, kwanakin rajista da kamfe kuwa, inda kiyaye doka ya dogara da kamun kan 'yan siyasa kuma babu hukunci mai zafi, a nan aka yi sakaci. Ranar 13 ga Janairu 2021, kwanaki kaɗan bayan Majalisar Malamai ta tabbatar da halaccin allurar Sinovac, aka yi wa shugaban ƙasa ta farko, makonni biyar bayan zaɓen.

Batun kantoma ya sake dawowa ba da daɗewa ba. Dokar zaɓe ta tanadi a haɗa dukkan zaɓukan yankuna a rana guda a watan Nuwamba 2024, saboda haka ba a yi zaɓen da ya kamata a yi a 2022 da 2023 ba. Wasu jam'iyyu sun nemi a gyara dokar a farkon 2021, gwamnati ta ƙi, majalisa ta janye ƙudurin. Da wa'adin shugabanni ya fara cika, gwamnatin tsakiya ta naɗa kantomomi a yankuna 101 a 2022, da wasu 170 a 2023, jimla 271, ciki har da Jakarta. Wasu daga cikinsu sun riƙe kujerar fiye da shekara biyu, har aka yi zaɓe ranar 27 ga Nuwamba 2024.